MAKIN ƊAN LAKWAL: MENE NE AMFANINSA, INA IYAKARSA?



Wata ranar Laraba da dare, mun tashi daga karatu a cibiyar yaƙi da jahilci ta garinmu. Kowa ya ɗauki fitilarsa ya tafi, sai dattijo guda cikin ɗalibaina ya tsaya. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙo mini. Ya ce: "Malam, duba mini wannan. Karnen yaron nan ne na lakwal. Na ga lamba 31 da jan bik. Ɗan maƙwabcina kuwa an ce na 4 ne. In nawa na 31 ne, me yake yi can? Gara ya bi wansa cin rani, ko ya kama mini kiwon awaki."

Na matso da fitila na duba. Gaskiya ne, yaro na 31 ne. Amma ajin nasu yara 64 ne. Mwayen ɗinsa 5,6 bisa 10. A kompozisiyon da ta wuce kuwa 4,2 ya samu. Na ce: "Baba, yaronka gaba yake yi. Da yana ƙasa da rabi, yanzu ya haye rabi. Akwai yara 33 a bayansa."

Dattijo ya yi shiru. Can ya ce: "Ashe saura kaɗan in zalunci yaro."

Abin da ya sa na rubuta wannan bayani ke nan. Iyaye da yawa suna yanke shawara babba a kan lamba guda da ba su gane ba. Wani ya fidda ɗansa daga lakwal. Wani ya doke shi. Wani kuma ko duba takardar ba ya yi. To, bari mu zauna mu duba ta tare.

ABIN DA KE CIKIN KARNE

Karamar lakwal aji shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Shekarar karatu tana farawa a watan Oktoba, ta ƙare a watan Yuni. A cikin shekara mushe yana yi wa yara jarrabawar aji, wadda ake kira kompozisiyon. Abin da yaro ya samu shi ake rubutawa cikin karne a aiko wa uba.

Abu uku za ka nema.

Na fari shi ne maki, wanda mushe ke kira not. Kowane darasi da makinsa. A ƙaramar lakwal bisa 10 ake ba da shi. A kwaleji da lise kuwa bisa 20.

Na biyu shi ne mwayen. Ana haɗa makin darussa duka, a raba. Ga misali. Yaro ya samu 6 a karatu, 7 a lissafi, 5 a rubutu, 2 a dikte. In ka haɗa sun zama 20. Ka raba gida huɗu, ka samu 5. Mwayen ɗinsa 5 bisa 10, wato rabi daidai. Rabi shi ne iyaka. Wanda ya kai rabi an ce ya samu mwayen. A kwaleji rabin shi ne 10 bisa 20, kuma a can wasu darussa, kamar Faransanci da lissafi, sun fi wasu nauyi wajen haɗawa.

Na uku shi ne matsayi: na ɗaya, na biyu, na talatin da ɗaya. Wannan shi ne ya fi ruɗar iyaye. Matsayi ba ya gaya maka abin da yaro ya sani. Yana gaya maka yara nawa ke gabansa kawai. Na 5 cikin yara 12 da na 20 cikin yara 80, wa ya fi? Sai ka duba mwayen. Kuma a ajin da kowa ya yi rauni, na ɗaya ma yana iya kasa karanta wasiƙa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in karne ya zo hannunka, fara da mwayen. Ka gwada shi da na baya. Hawa yake ko sauka? Sa'an nan ka nemi darasin da makinsa ya fi ƙanƙanta. Nan ciwon yake.

INDA MAKI YAKE DA ƘARFI

Kada wani ya ruɗe ka ya ce maki banza ne. Ba banza ba ne. Hanyar lakwal tana da ƙofofi, kuma maki ne mabuɗinsu.

Ƙofa ta fari tana ƙarshen CM2. Ita ce jarrabawar sartifika, wato CFEPD. An yi kusan shekara goma an dakatar da ita a ƙasarmu, sa'an nan aka maido ta a 2024. Ƙofa ta biyu tana bayan shekara huɗu na kwaleji, ita ce brebe, wato BEPC. Ta uku tana bayan shekara uku na lise, ita ce bak. Da bak ake shiga jami'a, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, ko waɗanda ke Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Malamin gona da ke zuwa garinku, da malamin dabbobi mai yi wa shanu allura, da ungozomar likita, da mushen da ke koya wa ɗanka, duk ta waɗannan ƙofofi suka bi. Makarantar Kollo mai horar da ma'aikatan gona da kiwo, da makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram, da makarantun horar da mushe, babu wadda ke karɓar mutum don kyan fuskarsa ko don girman gidansu. Takarda suke tambaya, sa'an nan sau da yawa su sake yin tasu jarrabawa.

Ko cikin shekara ma maki yana aiki. Yaron da mwayen ɗinsa ya faɗi ƙwarai yana iya maimaita aji. A kwaleji, in abin ya yi yawa, korarsa ake yi. Shekara guda da aka maimaita kuwa kuɗi ce: kaye, bik, tufafi, da hatsin da kake aika wa mai masaukinsa a birni.

Ɗan talaka ba shi da wanda zai yi masa magana a ofis. Makinsa ne ke yi masa magana. Wannan kaɗai ya isa mu ɗauki abin da muhimmanci.

INDA MAKI YA TSAYA

Amma maki awo ne, kamar tiya a kasuwa. Tiya tana gaya maka yawan hatsi. Buhu mai kilo 100 wajen tiya 40 ne. Ba ta gaya maka ko hatsin ya nuna, ko da tsakuwa ciki, ko irin zai tsiro baɗi. Kuma duk manomi ya san ranar da aka yi awo da hannun da ya yi awon suna da nasu tasiri.

Ga abubuwan da ke rage makin yaro ba tare da kansa ya yi rauni ba.

Harshe. Yaro ya tashi da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci. Ya shiga aji, aka tambaye shi da Faransanci. Na san yaron da ke sayar wa uwarsa ƙosai ranar kasuwa. Yana karɓar jika, ya fidda dala 35, ya ba da canjin dala 165 ba kuskure. Amma a aji ya samu 2 a lissafi. Me ya sa? A kasuwa da dala muke ƙidaya, a lakwal da faran suke ƙidaya, dala guda faran 5 ce. Ga tambayar kuma da harshen da bai ƙware ba. Yaron nan ya iya lissafi. Abin da bai iya ba shi ne tambayar. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta fari a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. A watan Maris na 2025 kuma sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma har yanzu mafi yawan jarrabawar ɗiyanmu da Faransanci ake yin ta.

Ajin zana. A garuruwa da yawa aji runfa ce ta kara da zana. Ba a samun kara sai an yi girbi. Kafin iyaye su taru su kafa runfa, an ci makonni cikin shekarar karatu. Ruwan fari ya sauko, runfa ta jiƙe, karatu ya tsaya. Yaron da ya yi wata shida a aji ana gwada shi da tambaya guda da ɗan birnin da ya yi wata tara.

Yunwa. Jarrabawar ƙarshen shekara tana faɗowa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga shuka ta kama. Yaron da ya fito gida ko fura bai sha ba, ya yi tafiyar kilomita uku ko huɗu, ba ya riƙe abin da mushe ya faɗa da hantsi.

Fashi. Yau an aike shi rijiya, gobe kasuwa, jibi kiwo. Ɗan makiyayi kuma gidansu ya tashi neman ciyawa. Darasi kamar jeren tubali ne. In aka tsallake na ƙasa, na sama ba ya zama.

Ido da kunne. Akwai yaran da ba sa ganin allo sosai daga baya, ko ba sa ji sosai bayan ciwon kunne ko sanƙarau. Ana kiran su daƙiƙai, alhali likita suke bukata, ko a maido su benci na gaba.

Haka kuma akwai makin da ya fi ilimin mai shi yawa. Wani yaro hadda yake yi, ya zuba a takarda, bayan mako ya manta. Wani ya kwafi na abokinsa. Wani an tura shi aji na gaba don a samar wa na baya wuri. Akwai wani bincike da ake kira PASEC, wanda ake yi a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci. A 2014 ya nuna cewa cikin ƴan ƙarshen ƙaramar lakwal na Nijar, ko ɗaya cikin goma bai kai matakin karatun da ake nema ba. A 2019 abin ya gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. An samu ci gaba, alhamdu lillahi. Amma ku lura: waɗannan yara duka sun hau aji bayan aji har suka kai na shida. Ke nan hawa aji daban, iya karatu daban.

ABIN DA YA SAME NI

Ni mai wannan rubutu, iyakata CM2. Ban ɓoye ba.

A ajinmu na fi kowa lissafi, amma dikte ya hana ni sakat. Mushenmu in ka yi kuskure biyar, sifili yake ba ka. Shekarar fari na faɗi sartifika. Da aka kira sunaye babu nawa, na bi bayan gari na zauna gindin gawo har magariba. Kwana uku ban iya haɗa ido da mahaifina ba. Na ɗauka ni ba kowa ba ne.

Mahaifiyata ce ta matsa na maimaita. Shekara ta biyu na ci. Aka ba ni wuri a kwaleji, a birnin da ke da nisan yini guda daga garinmu. Ba mu da kowa can. Mahaifina ya nemi mai masauki har ya gaji. Na yi wata biyu ina kwana a zauren wani mutum, wata rana in ci, wata rana in kwana haka. Na dawo gida. Makina ya buɗe mini ƙofa, rashin masauki ya rufe ta.

Na yi shekaru ina cin rani. Da aka zo buɗe cibiyar yaƙi da jahilci a garinmu, mutane suka ce ga wane ya iya karatu. Aka horar da ni, na koyi rubuta Hausa da haruffanta masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yau ni ke riƙe littafin bankin hatsi na gari. Ni ke karanta wa mutane takardar likita da rubutun da ke jikin buhun taki. Ba wanda ya taɓa tambaya ta nawa na samu a dikte.

Amma in faɗa muku gaskiya duka. Abokina da muka zauna benci guda, wanda ke da kawu a birni, ya samu brebe, yau ma'aikacin lafiya ne. Akwai aikin da na nema sau biyu aka ce sai mai brebe. Ranar na ji zafin rashin takarda. Don haka ba zan ce wa kowane yaro jarrabawa wasa ce ba. Abin da nake cewa shi ne, faɗuwa jarrabawa ba ta kashe mutum, kuma abin da ya shiga kai ba ya fita tare da takarda.

Mu ma a cibiya muna da tamu jarrabawa a ƙarshen zangon karatu, kafin damana. Aikin yaƙi da jahilci ya fara a ƙasarmu tun 1963, kuma har yau ana gwada ɗalibai don a san wanda ya iya. Na ga dattawa masu furfura hannunsu na rawa ranar gwaji. Wata uwa a ajin mata ba ta ci ba karon fari. Amma ita ce ta gano an rubuta mata tiya 12 a littafin bashi maimakon 10, ta sa aka gyara. Wannan ci ne, ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

ABIN DA UBA DA UWA ZA SU YI

Makiyayi yana ƙidaya shanunsa da yamma, amma ba ya tsayawa nan. Yana duba gashinsu, yana duba tafiyarsu, yana duba wadda ta daina tuƙa. Haka za ka yi da ɗanka. Ka duba lamba, ka duba yaro.

1. Ka karɓi karne da hannunka kowane lokaci. In ba ka gane ba, kawo shi cibiya ko ka kai wa mushe. Matambayi ba ya ɓata.

2. Ka gwada yaro da kanka. Ba shi wannan jarida ya karanta maka layi biyar. Ba shi saƙon da ya shigo salula. Ka ce masa: na sayar da tiya 8 ta wake, kowace dala 150, nawa ke nan? In ɗan CM1 ya kasa, akwai gyara, ko da karnensa ya yi kyau. In ya iya, akwai alheri, ko da karnensa ya yi muni.

3. Ka je lakwal ko sau uku a shekara, ba sai an kira ka ba. Ka gaida mushe. Ka tambaye shi: "Mushe, a ina yaron nan ya fi rauni? Yana zuwa kullum? Yana ganin allo?" Mushen da ya san uba na zuwa ya fi sa ido a kan ɗansa.

4. Kada ka doki yaro don maki. Bulala tana koya masa ɓoye karne da satar amsa. Ka tambaye shi abin da ya faru tukuna. In wasa ne ya yi masa yawa, ka ja masa kunne, ka sa masa lokacin karatu. In bai gane ba ne, a nemi wansa ko wani ɗan kwaleji ya zauna da shi.

5. Ka ba shi lokaci da haske. Sa'a guda bayan sallar isha'i da tocila ko fitilar sola ta isa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Karatun sartifika tun daga CI yake farawa.

6. Ku kafa runfa da wuri. Kwamitin iyaye na lakwal ya tanadi kara da itace tun girbin fari. Mako guda da aka ceto, maki ne aka ƙara wa yaran gari duka.

7. Ku yi shawarar masauki tun yaro yana CM1. Garuruwa biyu ko uku suna iya haɗa kai su kama ɗaki kusa da kwaleji, su sa dattijuwa ta kula da yara, kowane gida ya kawo tiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MAGANAR ƳAN MATA

A nan akwai abin da ke damuna. In namiji ya samu maki kaɗan, sai a ce ya sake gwadawa. In mace ta samu maki kaɗan, sai a ce da ma aure ya fi mata. In kuma ta samu maki mai yawa, sau da yawa ba wanda ya duba. Na ga karnen wata yarinya mai mwayen 8 bisa 10 an naɗe gishiri da shi.

Yarinyar da ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta goyi ƙanenta, ta yi talla, sa'an nan ta samu 5 bisa 10, ta yi ƙoƙarin da ya kamata a yaba. A rage mata aiki a gani. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don kare karatun ƴa mace, tana neman a bar ta a lakwal har shekara 16. Mu da muke son mace ta duba matanmu a likita, daga cikin ɗiyanmu za ta fito.

IN YARO YA FAƊI

Ba a ƙone gona don shuka ta fari ta mutu. Ana sake shuka. Yaron da ya faɗi sartifika ko brebe yana iya maimaitawa. In shekarunsa sun wuce, ko zuciyarsa ta fi son aikin hannu, akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM a kananan hukumomi, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta, gyaran babur da injin ban ruwa. Yaron da ya bar lakwal da wuri ko bai taɓa shiga ba, akwai azuzuwan gaggawa a wasu wurare masu maida shi kan hanya. Ku tambayi darektan lakwal ko ofishin yaƙi da jahilci na yankinku. In ya girma, ƙofar cibiyarmu a buɗe take, ba ma tambayar kowa takarda.

Abu guda kawai nake roƙo. Ranar da sakamako ya fito, yaron da bai ci ba ya fi kowa bukatar a kira shi a ba shi tuwo. Kada a yi masa dariya a dandali. Kada a kira shi da sunan banza, don sunan yana binsa har girma.

Dattijon nan kuwa bai fidda ɗansa ba. Ya je ya ga mushe, aka gano yaron dikte ne ke ja masa baya, kamar ni. Yanzu da dare uba da ɗa suna zama tabarma guda, fitila guda, wannan da kayensa na Faransanci, wancan da littafinsa na Hausa. Ko yaron zai ci sartifika, Allah ne masani. Amma ranar kasuwar da ta wuce shi ya karanta wa ubansa takardar allurar awaki.

Jama'a, wanda ke da labari irin wannan a garinsu, ko tambaya a kan karnen ɗansa, ya rubuto wa jarida da hannunsa. Ko layi uku ne, za a karanta.

Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, ya ba mu damana mai albarka. Amin.

Daga wani malamin yaƙi da jahilci, jihar Maraɗi